Taki Ashirin da Bakwai Daga Tsamiya

Litinin, 7 ga Oktoba, da azahar

Wannan littafin Fasto ne ya ba ni tun bara, wai in rubuta sunayen waɗanda ke kwance a maƙabartarmu da inda kowa yake. Na ce masa shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da su a kaina, ko ɗaya bai taɓa faɗuwa ba, ba sai yanzu takarda za ta koya mini aiki ba. Na tura shi ƙarƙashin katifa. Yau na jawo shi, amma ba don sunaye ba. Akwai abin da ba zan iya faɗa wa mai kunne ba.

A ajin baftisma na koyi rubutu, ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Wanda ya ga layi ya karkace ya yi haƙuri. Ai ba wanda zai gani ma.

Yau na koma maƙabarta, karon farko tun ciwon nan da ya kwantar da ni a watan Afrilu. Wata shida ke nan. An yi rasuwa jiya a nan Yelwa, masu haƙa suka aiko in zo in nuna musu wurin da ba kowa. Haka muke yi tun da. Nakan jingina bayana da tsamiyar bakin ƙofa, in ƙirga taki, in ce nan. Kowane mamaci yana da nasa ƙirgen daga tsamiyar nan, kowane fili ma haka.

Da na shiga ban gane wurin ba. Ruwan bana ya kwantar da tudun kaburbura. 'Yan jari-bola sun tsinke allunan ƙarfe sun tafi da su. Sannan aka yi aikin gayya aka bi da fartanya, aka baje komai kamar za a shuka gyaɗa. Masu siminti kaɗai ke tsaye. Na ce ba komai, ni dama ba da ido nake aiki ba. Na jingina, na ƙirga, na ce nan.

Sun kai ƙugu sai digar ta yi wata ƙara wadda ba ta ƙasa ba ce.

Suka mayar da ƙasa a hankali, da hannu. Babbansu ya cire hula ya ce, "Baba, ko mu gwada can bakin katanga?" Bakin katanga, inda kowa ya san ba kowa. Na ce su gwada.

Litinin, da la'asar

Wa muka taɓa? Ban sani ba. Ni, Zakka, ban sani ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, da safe

Christiana ta bugo daga Kaduna. Ita kaɗai ta rage mini cikin 'ya'ya uku. Ta ce, "Baba, ranar ashirin da shida ga wata Mama take cika shekara goma. Wannan karon ba zan ji maganarka ba. Na sa Godspower mai sassaƙa dutse ya yi mata, za mu zo mu ɗora. Zumuntar mata ma sun ce za su zo da waƙa."

Shekara goma tana roƙona a sa wa Roda alama ina hanawa. Lokacin jana'iza ma an kawo allon ƙarfe na ce a mayar. Na ce alama ta waɗanda za a manta da su ce, matata kuwa alamarta tana nan, na buga ƙirjina. Kafin ciwon nan duk Asabar ina zuwa in cire mata ciyawa, in ba ta labarin unguwa. Me allo zai ƙara mata?

Na buɗe baki zan yi faɗan da na saba, faɗan bai fito ba. Na ce to.

Ta ce, "Baba, lafiya? To kawai?"

Na ce lafiya lau, kuɗin wayarki na tafiya.

Laraba, da yamma

Taki ashirin da bakwai gabas, shida kudu. Roda ke nan. Na je ni kaɗai na ƙirga.

Na tsaya a kan simintin wani sojan barikin Shadawanka da aka binne shekara uku kafin ita.

Na koma tsamiya na sake. Soja. Na sake. Soja.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da hantsi

Salihu tela maƙwabcina ne shekara talatin, shagonsa na jingine da katangata. Bafillace ne da bai da ko akuya, kullum sai na tuna masa. Yau ya gan ni zan wuce ban tsokane shi ba, sai ya tsayar da keken ɗinki.

"Kaɗo, zo nan. Wa ya mutu da ba ka san inda za ka sa shi ba?"

Wasa yake yi. Na zauna a bencinsa na faɗa masa, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Da na gama ya ce in tashi in yi tafiya daga bakin shago zuwa kwata. Na ce ni ɗan rawa ne? Ya ce in dai tashi. Na tashi. Ya zare tef daga wuyansa ya durƙusa yana auna sawuna a ƙasa.

"Zakka, da can in muka tafi kasuwa sai na yi sassarfa nake kamo ka. Yanzu dubi. Wannan ƙafar ta hagu ba taki take yi ba, biyo ka take yi. Takinka bai kai rabin na da ba. Ƙirgenka yana nan, mai ƙirgen ne ya ragu."

Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa tunanin abin awona zai iya tsufa ba. Duk maƙabartar nan da ƙafata na auna ta. Da ƙafata! Mutum ɗari nawa na jera a kan abin da ciwo ɗaya ya zo ya rage?

Amma na ji sanyi kaɗan. Idan ƙafa ce, ai ana aron ƙafa.

Asabar, 12 ga Oktoba, da la'asar

Salihu ya raka ni, shi da bai taɓa wuce ƙofar maƙabartarmu ba. Ya yi sallama ga mutanen wurin irin tasu, ya jingina da tsamiya, ya buɗe ƙafa yana kwaikwayon tafiyata ta da. Na ce ban taɓa tafiya kamar raƙumi ba. Ya rage. Na ce ba kuma kamar amarya ba. Sau uku ya yi, wuri uku ya tsaya, tsakanin na farko da na ƙarshe za a kwantar da mutum huɗu.

Sai ya juyo ya ce, "Ashirin da bakwai ka ce, ko? Don jiya a shago talatin da bakwai na ji."

Na ce ƙarya yake yi. Ya ce wataƙila kunnensa ne.

Ba kunnensa ba ne.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan sujada

Ashirin da bakwai. Talatin da bakwai. Duk wanda na faɗa sai ya zauna daidai a bakina.

A majami'a ana waƙa ina ƙirga. Ana addu'a ina ƙirga. Babban masu haƙa ya gaishe ni ya sunkuyar da kai fiye da yadda ya saba, na gane labari bai fita ba, rufa mini asiri suke yi. Wannan ya fi zagi ciwo.

Likita ya faɗa wa Christiana wata magana a Afrilu, a bakin ƙofa, suna tsammani barci nake. Ba zan rubuta ta ba.

Talata, 15 ga Oktoba, da safe

Na nemi maganina har na zagi kaza. Yana hannuna.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da azahar

Godspower ya zo a kan babur, duk jikinsa farin ƙurar dutse. Mutumin kudu ne, shekara ashirin a Bauchi, Hausarsa har yau tana tafiya da sanda kamar ni.

"Baba, dutse ya gama, ya yi kyau sosai. Yanzu kai nuna mini Mama ya kwanta ina, ni zan auna, zan kawo yashi."

Na ce ƙafata na ciwo yau.

"Ba wahala, Baba, hau babur."

Na ce ba na hawa babur ranar Alhamis. Ya dube ni, ya duba sama, ya ce bai taɓa jin wannan dokar ba a kowace majami'a. Na ce ta garinmu ce. Ya tafi yana dariya, ya ce zai zo da kayansa ranar da sassafe kawai.

Na yi ƙarya a kan babur. Ƙaramar ƙarya ce, amma na ji yadda ta fito da sauƙi, kamar ƙofar da aka shafa wa mai.

Asabar, 19 ga Oktoba, da la'asar

Na je. Akwai wani wuri gabas da sojan, ƙasar ta ɗan lotsa, wata ciyawa mai farin fure ta fito. Wurin ya yi kama da ita. Na zauna na fara ba ta labarin unguwa, na kai tsakiya na tsaya. Idan wani ne fa? Idan wani ƙato ne ɗan Bogoro yake kwance yana jin ina kiransa 'yar gidana?

Ba wanda zai sani. Wannan ita ce maganar da ke bina. In na ɗaga sanda na ce nan, nan ne. Shekara arba'in da ɗaya ba a taɓa tambayata hujja ba. Christiana za ta durƙusa ta yi kukanta, mata su yi waƙa, a zuba siminti, kowa ya tafi da zuciya a kwance. Wa aka cuta?

Na tambayi Salihu haka. Yana cizon zare ya ce, "Ni tela ne, ban san hukuncinku ba. Amma in na ɗinka wa mutum riga da awon wani, shi bai sani ba, ni duk ranar da ya wuce ta gaban shago sai na kau da kai. Kai kuma duk Asabar za ka je."

Na ce wa ya tambaye shi. Ya ce ni.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da azahar

An yi jibin Ubangiji a majami'a, ana zagawa da gurasa. Faranti ya iso gabana na miƙa shi gaba. Tun da aka yi mini baftisma ban taɓa ba.

Talata, 22 ga Oktoba, da hantsi

Fasto ya zo gida. Ya ga farantin da na miƙa. Sa'an Christiana ne, ni na binne kakansa, amma ya zauna a kan turmi kamar mai shekara ɗari yana jira.

Ban faɗa masa ba. Na tambaye shi dai, a ranar tashin matattu, wanda aka rasa kabarinsa fa, ta ina za a fara nemansa?

Ya ce, "Baba Zakka, kai da ka fi ni sanin wannan? Shekarar da aka yi tashin hankali a gari, ina yaro, an ce kai ka binne waɗanda ba a gane su ba. Mata suna zuwa suna tambayarka ina nasu. Me kake ce musu?"

Na ce ina ce musu Yesu ya san inda kowa yake, ba ya bukatar allo.

"To?"

Na ce wannan magana ce ta aiki. Abin da ake faɗa wa mai kuka ne don ya samu ya tashi ya tafi gida.

Sai da ta fita na ji abin da bakina ya faɗa. Fasto bai yi mini wa'azi ba, Allah ya sa masa albarka. Ya ce, "Su dai sun tafi gida da ita, Baba. Har yau wasu da ita suke kwana." Ya yi addu'a gajeriya ya tafi.

Talata, da la'asar

Waɗanda ba a gane su ba ɗin nan, mutum goma sha ɗaya ne a ramin nan na kusurwar arewa. Wannan ban manta ba. Na gaya wa matansu Yesu ya sani, a raina kuwa ina cewa ni ma ai na sani, taki hamsin da biyu. Ashe duk shekarun nan ina ganin kamar mu biyu ne muke riƙe da maƙabartar, ni da Shi, kuma in an matsa, ni na fi zuwa aiki.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Na gwada addu'a. Ban roƙi komai ba sai lamba. Na ce Ubangiji, ashirin ko talatin, ɗaya kawai ka faɗa mini, sauran ni zan ƙarasa.

Shiru.

Sauran ni zan ƙarasa. Ji fa. Ko a roƙo sai na bar wa kaina aiki.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da yamma

Christiana ta iso. Ta kawo zanen da za su ɗaura iri ɗaya, ta dafa mini tuwo da miyar karkashi yadda uwarta take yi, sai dai gishiri ya yi yawa. Tana ta magana. Ta ce, "Baba, ka san ban taɓa iya gane wurin ni kaɗai ba? Kullum bayanka nake bi. Gobe dai zan huta, in na zo zan tafi kai tsaye."

Na ce gishiri ya yi yawa.

Asabar, 26 ga Oktoba, da la'asar

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Mun isa da hantsi. Mata wajen ashirin da zanensu, Fasto, masu haƙa, Godspower da baro da buhun siminti biyu, dutsen a naɗe cikin bargo. Salihu ya rufe shago ya biyo mu, ya tsaya daga bakin ƙofa.

Na jingina da tsamiya. Na fara ƙirga, suna bina a baya suna waƙa a hankali. Na wuce soja. Na kai wurin farin furen nan. Na tsaya, waƙa ta tsaya. Godspower ya ajiye baro. Na ɗaga sanda.

Sandar tana sama, ina jin nan ɗin a kan harshena. Sai na ga Christiana ta riga ta fara tattara zanenta za ta durƙusa. Ko ƙasar ba ta duba ba, sandata take kallo. Duk inda sandar nan ta sauka, nan za ta kira uwa har ranar da za ta mutu, ta kawo 'ya'yanta su ma su kira.

A raina na ce, Yesu, ni na saki. In kana riƙe da ita, riƙe.

Na sauke sandar a gefen ƙafata. Na ce, "Ban sani ba."

Ba su ji ba, sai da na sake da ƙarfi. Na ce ban san inda Roda take ba. Na ce takina ya ragu, ƙirgena ya rikice, ni na hana a sa allo, laifina ne ba na ruwa ba, ba na 'yan jari-bola ba. Na ce tana cikin filin nan tsakanin soja da katanga, iyakar abin da zan rantse a kai ke nan.

Wata mata ta ce, "Wayyo Yesu." Godspower ya ce, "Baba, kai?" Christiana ta miƙe tsaye, fuskarta kamar an watsa mata ruwa. Ta ce, "Shekara goma ina roƙonka." Na ce haka ne. Ta ce, "Shekara goma, Baba!" Ta juya ta tafi can wajen katanga ta ba mu baya. Ba wanda ya bi ta. Na tsaya a rana ina jiran ƙasa ta buɗe, ni da na san ba ta buɗewa sai da diga.

Ban san minti nawa ba. Ta dawo idonta ja. Ta ce, "Tun yaushe ka sani?" Na ce sati uku. Ta ce, "Shi ya sa ka ce mini to." Sai ta kama hannuna, na hagun, wanda ba ya ji sosai, ta riƙe da ƙarfi har na ji.

Ta ce, "Da ka nuna mini, da na yarda."

Na ce na sani.

Ta juya ga Godspower ta ce ya kai dutsen gindin tsamiya. Ya ce ai ba kowa a can. Ta ce, "Daga can Baba yake fara zuwa wurinta kullum. Mu ma daga can za mu fara." Ya buɗe bargon ya duba rubutun, suna ne kawai da shekaru, ya ce, "To, dutse bai yi ƙarya ba." Aka kwaɓa siminti. Salihu da ke bakin ƙofa shi ya riƙe musu igiyar awo, yana ta faɗa wa Godspower ya karkace.

Da Fasto zai yi addu'a ya ce ni zan yi. Na ce ban iya ta taro ba. Ya ce in yi yadda na iya. Na ce, "Ubangiji, ka san inda take. Ni ban sani ba. Amin." Mata suka amsa amin ɗin kamar na yi wa'azin awa guda.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan sujada

Na yi barci jiya har rana ta fito, rabona da haka tun bakwai ga wata. Ban gane ba. Abin da na fi tsoro ya faru, gari duk ya ji, ban kuma samu matata ba. Amma ƙirjina kamar an sauke buhu.

Christiana ba ta gama hucewa ba. Ta zuba mini koko ta tura gabana. Ta dai sa sukari yadda nake so.

Talata, 29 ga Oktoba, da hantsi

Mun fara rubuta sunayen daga bayan littafin nan, ni da masu haƙa da tef ɗin Salihu. Ina faɗar suna, suna aunawa daga masu siminti, ba daga ƙafata ba. Wanda na tabbata, mu rubuta. Wanda ban tabbata ba, na ce a ja layi a rubuta, Ubangiji ya sani. Yau mun yi talatin da huɗu, tara a cikinsu masu layi ne. Babban masu haƙa ya ce tara sun yi yawa. Na ce gobe za su fi haka, mu yi sauri tun ina nan.

Na gaya wa Christiana in lokacina ya yi a sa mini allo, na siminti, wanda ba a tsinkewa. Ta ce a ina? Na ce ko'ina tsakanin soja da katanga, in dai an tabbata ba kowa. Wanda zai tashe mu ba sai ya ƙirga daga tsamiya ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da la'asar

Na je. Na zauna a gindin tsamiya na ba ta labarin unguwa da ƙarfi, yadda duk filin zai ji. Soja ma ya sha labari.